Da gaske ne bakteriya na cinye gubar ruwan majema?

"Assalamu alaikum Injiniya. Mahaifina yana da ƙaramin kamfanin jima a Kano, ni nake taya shi kula da wurin tunda na gama makaranta. Ruwan da muke zubarwa ya dame ni, maƙwabta na ta ƙorafin wari, jami'an muhalli ma sun zo mana sau biyu. To sai ga wani ya kawo mana wata hoda a bokiti, ya ce ƙwayoyin bakteriya ne, wai in muka riƙa zubawa a ramin da ruwan ke taruwa za su cinye kurom ɗin da sauran gubar gaba ɗaya, har a iya ban ruwa da shi. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Don Allah gaskiya ne? Mu saya?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa wa sana'ar Baba albarka, kuma wallahi na ji daɗi da ka tsaya tambaya kafin ku fitar da kuɗi, don na sha ganin waɗanda sai bayan sun zuba kuɗin suke zuwa neman shawara. In na fahimce ka tambayoyi biyu ne ka haɗa wuri ɗaya. Ta farko, shin ƙananan halittun nan da ido ba ya gani suna iya tsaftace ruwan kamfani? Ta biyu, shin wannan hodar za ta yi abin da mai ita ya faɗa? Ta farko amsarta eh, sosai ma kuwa, sama da shekara ɗari kenan duniya na aiki da su, ni ma da su nake neman abinci. Ta biyu kuwa a'a, kar ku saya tukunna, musamman saboda kalmar nan da ya yi amfani da ita cewa za su "cinye" kurom, wato sinadarin ƙarfen nan da ake jima fata da shi. A nan gizo ke saƙar.

Abin da suke ci da abin da ba ya ciyuwa

Dattin da ke cikin ruwanku kashi biyu ne, kuma duk wanda bai raba su a kansa ba zai yi ta asarar kuɗi. Kashi na farko shi ne abin da ke ruɓewa: jini, kitse, guntun nama, gashin da ya narke, man da kuke ba fata, sabulu, da wani ɓangare na rini. Waɗannan abinci ne a wurin bakteriya, kamar yadda tuwo yake a wurinka. Suna farfasa su, wani kaso ya fita a matsayin iskar kabon, wani ya zama ruwa, sauran su gina jikinsu da shi su hayayyafa. Wannan dattin ya tafi da gaske, ba ɓoye shi aka yi ba.

Kashi na biyu su ne ƙarafa masu guba, kurom da dalma da zaiba da kadmiyom da tutiya da ire-irensu. Su fa ba a haɗa su daga wasu abubuwa ba balle a warware su. Kurom kurom ne ko ka dafa shi, ko ka ƙona shi, ko ka binne shi shekara dubu. Babu wata halitta a bayan ƙasa da za ta haɗiye shi ya ɓace. Abin da ƙwayoyin ke iya yi masa dai shi ne su manna shi a jikinsu, ko su sauya masa kama daga mai tsananin guba zuwa mai sauƙi, ko su sa ya daina narkewa ya kwanta a ƙasan tanki. Duk wanda aka yi a ciki, ƙarfen ya bar ruwa ne ya koma cikin laka. In kilo goma na kurom ya shiga ramin nan naku, to kilo goman nan yana nan a wani wuri, ko a lakar ƙasan ramin, ko ya bi kwata ya tafi rafi, ko ya tsiyaya ƙasa ya nufi rijiyar maƙwabta. Don haka duk wanda ya zo muku da maganar cire ƙarfe, tambaya ɗaya za ka yi masa: ina ƙarfen zai koma? In ya fara kame-kame ka san inda aka dosa.

Ka taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ka kalli yadda ake haɗa karofi? Ni duk lokacin da zan yi wa sabon ma'aikaci bayani daga nan nake farawa. Shuni ba ya narkewa a ruwa haka kawai. Marini zai zuba baba da toka da katsi, ya bar su kwana da kwanaki yana motsawa, a cikin kwanakin nan bakteriyar da ke son ruwan toka su ke cin ganyen, su ƙarar da iskar da ke cikin ruwan, sannan su juya shunin ya koma wata kama da ke narkewa ta shiga zare. Shi ya sa in aka tsamo zane za ka gan shi kore-kore, sai ya sha iska a gaban idonka ya rikiɗe ya zama shuɗi. Ka ga ba su cinye shunin ba, kama suka sauya masa, kuma daidai irin wannan ne suke yi wa ƙarfe. Abu na biyu da nake so ka lura da shi, marini ba ya zuba kaya ya tafi gida ya dawo bayan wata. Kullum yana bakin ramin, yana duba kumfa, yana shinshinawa, ya san ranar da karofi ya nuna ya san ranar da ya gaji ya zama dagwalo. Aikin tsaftace ruwa da ƙwayoyi haka yake, kiwo ne, ba magani ba ne da za a barbaɗa a juya baya.

A ɓangaren masana'antu kuwa, a 1914 ne wasu masana biyu a Manchesta ta Ingila, Ardern da Lockett, suka nuna cewa in kana hura iska cikin ruwan datti, sannan ka riƙa mayar da lakar da ta kwanta cikin sabon ruwa maimakon zubar da ita, aikin da ke ɗaukar makonni zai koma na awoyi, don lakar nan cike take da ƙwayoyin da suka riga suka saba da abincin. Har gobe wannan dabarar ce ƙashin bayan yawancin matatun ruwan datti a duniya.

Maganar kurom ɗinku

Nan nake so ka nutsu, don nan ne masu talla suka fi rikita mutane. Kurom da ake samu a ruwan masana'antu iri biyu ne, ana ce musu mai lamba uku da mai lamba shida. Mai lamba shida shi ne mugun, yana narkewa sosai, yana tafiya da nisa cikin ruwan ƙasa, yana cin fatar jikin mutum, kuma an tabbatar yana jawo ciwon daji. An fi samunsa a wuraren da ake yi wa ƙarfe rufin ƙyalli da wasu kamfanonin fenti. Gaskiya ne akwai bakteriya da dama, irin su Pseudomonas da Bacillus da Shewanella, da ke mayar da mai lamba shida ya koma mai lamba uku, kuma ina kyautata zaton in mai hodar ya nuna muku takardu to a kan wannan suke magana.

To amma ku ai ba mai lamba shida kuke jima da shi ba. Koren garin nan da kuke zubawa a durom, wanda ke ba fata launin da ake ce wa wet bulu, tun asali mai lamba uku ne. Kenan ko da ƙwayoyin da ke cikin bokitin nan na gaske ne kuma suna da rai, aikin da suka iya an riga an gama shi kafin su zo.

Shi kuma mai lamba uku cire shi ba ya buƙatar wata halitta. In ka tara ruwan da ya fito daga duron jima shi kaɗai, ka zuba masa maganishiyom oksaid a hankali kana juyawa har pH, wato ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar ruwa, ya kai wajen 8, ka bar shi ya kwana, da safe za ka tarar kurom ɗin ya kwanta a ƙasa, laka mai kauri shuɗiya-kore, ruwan sama kuma ya washe. Ka tsiyaye na saman, ka narkar da lakar da asid irin na ruwan batir, ka daidaita ta, ka mayar da ita durom a jima na gaba tare da sabon gari. Laim, wato farar ƙasa, ma yana kwantar da shi kuma ya fi araha, sai dai lakarsa ta fi yawa kuma ta fi wuyar sake amfani. A jima irin wadda aka saba, fata na shan kamar kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari ne kawai na kurom ɗin da aka zuba, ragowar duk kwata yake bi. Ka zauna da Baba ku lissafa buhu nawa kuke saya a wata, ku cire kusan kashi ɗaya cikin uku, wannan kuɗin ne kuke zubarwa kullum kuma shi ne dai yake jawo muku rigima da hukuma. Ni a ganina duk majemin da zai kashe naira ɗaya a kan muhalli, nan ya kamata ta fara zuwa, don shi ne gyaran da ke dawo da wani abu aljihu.

Kar kuma jin cewa mai lamba uku ya fi sauƙi ya sa a yi sakaci da shi. In aka ƙona lakar ko guntayen wet bulu a fili, musamman da yake akwai laim a ciki, zafin na iya mayar da wani kaso ya koma mai lamba shida. Na sha ganin ana cinna wa tarin guntayen nan wuta a bayan katanga don a rage shara, raina yana ɓaci duk lokacin da na gani, don tokar da ta rage ta fi abin da aka ƙona haɗari, kuma ruwan sama na farko zai kwashe ta.

Inda ƙwayoyi suka yi aiki a kan ƙarfe da gaske

Ba na so ka tafi da tunanin cewa maganar ƙwayoyi da ƙarfe duk ƙarya ce. Akwai wani rukunin bakteriya da ke rayuwa inda babu iska, su ne ke sa taɓon kwata ya yi baƙi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Suna shaƙar wani sinadari da ake kira salfet kamar yadda muke shaƙar oksijin, su fitar da salfaid, wanda shi ne mai warin nan, shi kuma salfaid da ya haɗu da tutiya ko kadmiyom ko dalma ko jan ƙarfe sai ya kama su su zama gari su kwanta. A garin Budel na ƙasar Holan, wata masana'antar narkar da tutiya ta fara amfani da wannan hanyar tun 1992 don tsaftace ruwan ƙasan da ya gurɓace, kuma abin burgewar shi ne garin tutiyar da ya kwanta ana mayar da shi tukunyar narkarwa, ba a zubar ba. Haka a mahaƙar zinare ta Homestake a Amurka, a 1984 suka kafa matatar da bakteriya ke farfasa wata guba da ake kira sayanaid, shi da yake ba ƙarfe ba ne yana farfasuwa har ya ƙare. Amma ka lura, duk waɗannan tankuna ne da aka gina don aikin, ana ba ƙwayoyin abinci a kan ma'auni, injiniyoyi na kansu dare da rana.

Akwai kuma hanyar manna ƙarfe a jikin ƙwayoyi, ko matattu ne ma, kamar yis ɗin da ya rage a masana'anta, ko funfuna irin Aspergillus, ko busasshiyar gansakukar teku. Ɗalibanmu na jami'a suna son wannan fannin ƙwarai, kuma a kwalbar gwaji sakamakon na da kyau. Matsalar ita ce a kwalba ruwa ne mai tsabta da aka zuba wa ƙarfe ɗaya, ruwan majema kuwa ga gishiri ga kitse ga laim, kowanne na kokawar neman wurin mannewa, kuma in jikin ƙwayoyin ya cika sai ka nemi inda za ka kai su, an dawo kan tambayar farko. An yi ƙoƙarin mayar da ita kasuwanci a ƙasashen waje tun wajen shekarun 1980 amma ba ta yaɗu ba. Inda na ga tana da amfani shi ne a ƙarshen layi, a share ɗan abin da ya rage bayan an cire mai yawan.

Wani lokacin ma ƙwayoyin ɓata lamarin suke yi. Zaiba in ta kwanta a taɓon rafi, waɗancan bakteriyar da ba sa son iska suna juya ta ta koma nau'in da ke taruwa a jikin kifi ya taɓa ƙwaƙwalwar mai ci. Irin wannan nau'in ne ya nakasa mutanen Minamata a Japan, cutar da aka gano a 1956, ko da yake can daga cikin masana'antar ya fito a haka. Mu ma nan gida mun ga abin da ƙarfe ke yi. Gubar dalma da ta ɓulla a ƙauyukan Zamfara a 2010, a yankunan Anka da Bukkuyum, ta kashe yara sama da 400, Allah ya jiƙansu. Da aka zo gyara, ba wani abu aka fesa ba, ƙasar tsakar gidaje aka kankare da hannu aka kwashe aka binne a wuri na musamman aka kawo sabuwa. Ƙarfe sai an ɗauke shi.

Yadda zan tsara wurin in ni ne

Kafin komai ku raba kwatocinku. Yawancin ƙananan majemu da na shiga, kwata ɗaya ce ke kwashe komai zuwa rami ɗaya, kuma wannan ne tushen warin da maƙwabta ke kuka da shi. Ruwan cire gashi yana ɗauke da laim da salfaid, ruwan jima kuma mai tsami ne, da sun haɗu sai iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta tashi. Don girman Allah ka ja kunnen yaranku, kar wanda ya shiga rami ko tanki ko ya leƙa kansa ciki don yasa ba tare da an tabbatar da iskar wurin ba. Wannan iskar in ta yi yawa hanci daina jin ta yake yi, mutum ya ɗauka ta wuce, sai kawai ya faɗi, wanda ya shiga ceto shi ma ya faɗi. An rasa rayuka da yawa ta haka a majemu a ƙasashe daban-daban.

Kenan ruwan kurom hanyarsa daban zuwa tankin da na faɗa maka. Ruwan cire gashi shi ma tankinsa daban, a hura masa iska na wasu awoyi da ɗan manganis salfet har salfaid ɗin ya mutu. Sannan a sa raga a bakin kwata ta tare gashi da nama da kitse, wannan ko maƙerin unguwa zai haɗa muku. Gishirin da ke jikin fata kuma a kakkaɓe shi a busashe a share kafin a jiƙa. Bayan nan sai duka su haɗu a babban tanki guda da zai iya ɗaukar ruwan yini ɗaya ana juya shi, don ƙwayoyi ba sa son yau tsami gobe kanwa, sai a kwantar da dattin da zai kwanta da alam. Ka sa a ranka cewa tan ɗaya na ɗanyar fata yana iya cin ruwa lita dubu 30 zuwa 40, da wannan za ka fara hasashen girman tankunan.

Sai a nan ne ƙwayoyi ke shigowa, kuma a nan ba su da na biyu. Tanki ne da ake hura wa iska ba dare ba rana, a bayansa akwai wani inda laka ke kwanciya a mayar da ita baya. Suna son pH tsakanin 6.5 da 8.5, suna son oksijin kamar miligiram 2 a kowace lita, kuma zafin ƙasarmu ya yi musu daidai, wannan wata falala ce da Turawa ke kashe kuɗi kafin su samu. Ruwan majema na da naitirojin har ya yi yawa amma yakan gaza a fosfaras, don haka akan ɗan ƙara musu. Kowace safiya mai kula da wurin zai ɗebi lita ɗaya a doguwar kwalba mai ma'auni ya ajiye minti 30. In lafiya lau ne za ka ga lakar ruwan ƙasa-ƙasa, tana haɗuwa gutsi-gutsi kamar dambu tana sauka, ruwan sama ya yi garau, in ka kai hanci kuma ƙamshin ƙasa za ka ji irin na ranar da aka yi ruwan farko. In ka ɗiga ɗigo ɗaya a madubin ƙara girma za ka ga wasu 'yan halittu masu kama da ƙararrawa a kan siririn kara suna kaɗa gashin bakinsu, suna miƙewa suna noƙewa. Ni ganinsu na sanyaya min rai, don ba sa zama sai inda iska ta wadata kuma guba ba ta yi yawa ba, ranar da suka ɓace na san wani abu ya shigo tankin tun kafin sakamakon gwaji ya fito.

Bari in ba ka labarin abin da ya taɓa faruwa da ni. Wani kamfani da na yi wa aiki, mun sha wahala kusan wata biyu kafin lakar ta kama, ruwa ya fara fita fes har manaja na kawo baƙi su gani. Sai hutun Babbar Sallah ya zo, aka ce tunda ba a aiki a kashe janareta a huta da kuɗin gas. Kwana uku injin hura iska na kashe. Da na dawo tun daga bakin get wari ya tare ni, lakar ta yi baƙi ƙirin ta taso sama tana kumfa. Abin da ya ƙara dagula lamarin, ka san bayan layya ne fata ke shigowa da yawa, sai ga datti ninki biyu ya sauka a kan ƙwayoyin da suka riga suka galabaita. Sai da muka yi kusan wata guda kafin wurin ya dawo, kuma duk tsawon lokacin ruwan haka ya riƙa fita rafi, abin na damuna har yau. Tun daga nan duk wanda zan yi wa tsari, tambayar wuta nake fara yi masa kafin tambayar fili. In ba za ku iya ba injin iska wuta awa 24 ba, gara a duba tafkuna masu faɗi in akwai fili, ko tankin da ba ya buƙatar iska a matakin farko irin wanda wani masani mai suna Lettinga ya ƙirƙiro a Holan a shekarun 1970, sai dai shi ma salfaid da salfet na ruwan majema na wahalar da shi, shi ya sa a Kanpur ta Indiya sai da suka riƙa surka ruwan majemu da ruwan dattin gari kafin su tura masa.

Ita hodar kuma fa?

Mai yiwuwa akwai ƙwayoyi na gaske a ciki, ba na ce mutumin maƙaryaci ba ne, wataƙila shi ma abin da aka faɗa masa yake maimaitawa. Irin waɗannan kayan suna ɗan taimakawa wajen tayar da sabon tanki ko farfaɗo da wanda ya mutu. Amma zuba su a rami marar iska, mai gishiri da salfaid da kurom, kamar ka sayo kajin gidan gona ne ka sake su a ɗakin da ba abinci ba taga. Kuma iri mafi kyau kyauta ne ko kusa da haka: lakar wata matata da ke aiki, in ta majema ce ma ya fi don ƙwayoyinta sun saba da gishiri, in ba a samu ba ɗanyen kashin shanu da aka dama aka tace yana tayar da tanki, sai dai a ƙara haƙuri.

In ya matsa, ku gwada shi a gabansa. Durom biyu, ruwa ɗaya daga raminku, ɗaya da hoda ɗaya babu, komai nasu iri ɗaya, bayan mako guda ku kai samfurin ruwan sama da na lakar ƙasa ɗakin gwaji na jami'a ko wani mai rajista da ku kuka zaɓa, a auna kurom da COD, wato ma'aunin yawan dattin da ke ruɓewa. Ku ce zai karɓi kuɗinsa bayan sakamako.

Maganar ban ruwa kuwa, ita ce ta fi tsaya min a rai. Ko an yi duk abin da na lissafa daidai, gishiri na nan, don ƙwayoyi ba sa taɓa gishiri ko kaɗan, kuma shi ke kashe gona a hankali har ƙasa ta yi fari ta daina ba da amfani. A jihar Tamil Nadu ta Indiya, inda kotun ƙoli ta yanke hukunci a kan shari'ar majemu a 1996, daga baya sai da aka tilasta musu sa injinan tace gishiri masu tsada. Sannan ka tuna ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na ruwan sha, kurom kar ya wuce miligiram 0.05 a lita, dalma 0.01, alhali ruwan duron jima na ɗauke da giram-giram a lita ɗaya. Ruwan masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, na Sharaɗa da Challawa yana gangarawa kogin Challawa, kuma duk bakin rafukan nan akwai masu noman rani da ke shuka latas da alayyafo da kabeji, mu ne dai muke saye a kasuwa mu kai wa iyalanmu. Lakar ma haka, kar ku bari manomi ya kwasa da sunan taki ko da ya roƙa, in dai kurom ya taɓa ta. A shanya ta a kan daɓen siminti mai rufi, a zuba a buhu, a tambayi hukumar muhalli inda aka amince a kai. In kun raba kwata tun farko za ka ga lakar da ke da kurom ɗin 'yar kaɗan ce, wannan ma wata riba ce.

Daga nesa ba zan iya ba ka girman tanki ko adadin magani ba, wannan sai an auna ruwanku na kwanaki daban-daban an ga fata nawa kuke jima da irin ta, don na akuya da na shanu ba ɗaya ba ne. Kuma gaskiya cikakkiyar matata ta fi ƙarfin ƙaramin kamfani shi kaɗai, shi ya sa a Indiya majemu ke haɗuwa su gina ta tarayya kowa na biyan gwargwadon ruwansa, ko da yake ita ma in ba a riƙe ta da kyau ba lalacewa take yi, kamar yadda aka yi ta fama a Savar ta Bangaladash bayan an kwashe majemun Hazaribagh zuwa can a 2017. Ka yi wa Baba maganar ya tayar da ita a ƙungiyarsu. Su kuma jami'an da suka zo, hukumar muhalli ta tarayya, NESREA, na da ƙa'idoji na musamman kan masaƙu da majemu tun 2009, ka nemi kwafi ka karanta iyakokin da aka sa, in sun dawo ka nuna musu a rubuce abin da kuka fara da abin da ke tafe, a iya sanina hakan na sauya yadda zaman ke kasancewa.

A wannan makon dai ka zagaya da takarda da biro ka zana duk inda ruwa ke fita daga kowane durom da inda yake bi, ka rubuta buhun kurom nawa kuke saya a wata da fata nawa kuke jima a rana, sannan ka sa a auna ruwan duron jima shi kaɗai da na ramin. In ka haɗa waɗannan ka turo min, sai mu zauna mu fitar da girman tankin kurom ɗin tare. Ka gaida min da Baba.